Ƙwayar Ɗinkin Sallah

A goman ƙarshe na azumin bana, bayan an sauko daga tarawi, na shiga bayan shago in ɗauko man keke, sai na tarar da ƙaramin yarona, wanda ko haɗa wuyan kaftani bai gama iyawa ba, ya ɓalle ƙwaya daga kati zai jefa cikin lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari. Na ce, "Kai, mene ne wannan?" Ya ce, "Wallahi Oga maganin ciwon jiki ne, baya ne ya riƙe min." Na karɓi katin na juya, tiramol ce, ga 225 nan ɓaro-ɓaro. Na daka masa tsawa har maƙwabcinmu mai wankin hula ya leƙo. Yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ni kuwa na san ba abin da ya shiga kunnensa, domin ni ma tsawa ba ta taɓa shiga nawa ba. Abin da na kasa faɗa masa a daren nan shi zan faɗa yanzu, gare shi da sa'o'insa.

Ni ma da ciwon baya na fara. Lokacin ba a hana acaɓa a Kano ba tukuna, kafin 2013 ke nan, kuma tiramol ta fara yawo a hannun 'yan acaɓa da leburori da masu tura baro. Mahaifinmu ya rasu ya bar min ƙanne da Inna da kuɗin haya. Tela kuwa wata guda yake da shi a shekara da zai ga kuɗi a dunƙule, watan azumi. Ka karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinka, domin in ka mayar da mutum bana, baɗi ba zai dawo ba. Ga rashin wuta, ga man janareta, ga mai kaya ya tsaya a kanka daren jajibere yana zaginka a gaban yaranka. Wani abokin sana'a mai yin surfani ya ga ina gyangyaɗi a kan keke, ya miƙo min guda ɗaya ya ce in kora da shayi. Har gobe ban riƙe shi da mugunta ba. Taimako ya yi niyya.

Ba zan yi muku ƙarya a kan yadda abin yake ba, domin wannan ƙaryar ce ta sa ba ku yarda da manya. Suna ce muku ba daɗi, ku kuwa kun ɗanɗana kun ji. Can bayan ɗan lokaci wani ɗumi ya taso min daga ciki ya bi kafaɗu. Ƙarar janareta ta koma nesa kamar a wata unguwa ake yi. Bayan da ke min zogi na san yana nan, amma ya daina damuna. Babban abin shi ne surutun da ke cikin kaina ya mutu: bashin mai yadi, kuɗin makarantar ƙanwata, fuskar mai gidan haya, duk suka yi tsit. Na ɗora ƙafa a kan keke, ban ɗago ba sai da na ji kiran assalatu. Na gama abin da kan ɗauke ni kwana biyu. A raina na ce wannan ai rahama ce.

Kuma fa ina da hujjojina, wasunsu har yau in na juya su ba na ganin duk banza ne. Ban sha don in yi rawa ba, ban sha don in tare hanya ba. Da kuɗin ɗinkin nan na aurar da ƙanwata. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ina kallon masu zuƙar wiwi da sholisho a kango ina ce musu 'yan iska, ni kuwa magani nake sha, a kemis na saya, da kuɗina. Hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye kaɗan ɗinsa ma haramun ne na san shi tun ina makarantar allo, sai na riƙa gaya wa kaina ai ni ba na maye, aiki nake yi. Wanda bai taɓa kwana da nauyin gida a kansa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba, ya sassauta wajen yanke min hukunci. Amma Sallah ta wuce, layya ta wuce, aiki ya yi sauƙi, ban daina ba. Wannan ba ni da hujja a kansa.

Sai daga baya, a wajen likitan da ya duba ni da kuma ɗan karatun da na yi, na gane abin da nake zuba wa kaina. A Jamus aka haɗa tiramadol, wato tiramol ɗinmu, a 1962, aka fara sayar da shi a 1977, don ciwo mai tsanani. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a so a wuce 400 a yini. Na kan titi guda ɗaya 200 ne ko 225, ni kuwa na kai ina haɗa da yawa kafin azahar. Aiki biyu yake yi a ƙwaƙwalwa. Yana kama wurin da mofin, maganin ciwo mai ƙarfin gaske, ke kamawa ya dusashe ciwo, sannan yana sa wasu sinadarai biyu, serotonin da noradirenalin, su daɗe suna yawo, irin aikin da wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Shi ya sa yake ba mutum kuzari da sakin rai a wurin da danginsa ke sa barci, shi ya sa kuma in ya yi yawa yake kawo farfaɗiya. Kodin ɗin maganin tari na kwalba da na koma haɗawa da dare don in samu barci kuwa, hanta ce ke juya shi ya zama mofin, kuma hantar kowa da saurinta. Kwalbar da abokinka ya shanye ya tashi lafiya, kai tana iya tsayar maka da numfashi.

Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a riƙa ɗaga ta haka kawai ba. Duk abin da ka tura mata daga waje sai ta rage nata na ciki don ta daidaita. Bashi ne da ruwa: ka karɓi natsuwar dare ɗaya, ka biya da ta mako guda. Guda ɗaya ta daina yi, sai biyu. Can sai na wayi gari ba don in ji daɗi nake sha ba, don in iya miƙewa in yi alwala ne. Akwai wani masani a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Kent Berridge, da ya nuna cewa son abu da jin daɗinsa hanyoyi ne daban a ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaya na iya hura wutar son alhali daɗin ya mutu. Ranar da na ji wannan bayani jikina ya yi sanyi, domin shekaru na yi ina tafiya kemis da sauri, zuciya na bugawa, in sayi abin da na tsana.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne. Kafin ƙwaya ina da wannan shirun a kaina, kyauta. In na zauna ina fitar da aiki a wuyan babbar riga, zare na bin zane, sai in manta da yunwa da agogo, in ɗago in ga rana ta karkata. Yammacin Juma'a kuma in muka zauna zikiri, muryoyi suka haɗu, numfashi ya bi hailala, akwai lokacin da nakan ji jikina ya yi sakayau, in tashi kamar an sauke min kaya. Ban san darajarsu ba domin ba saye nake yi ba. Ƙwaya ta zo ta rufe ƙofofin nan duka. Na zauna a da'ira bakina na motsi, raina na lissafin saura nawa a aljihu. Aka haifa min ɗana na fari, aka miƙo min shi in yi masa huɗuba, na riƙe shi ban ji komai ba. Wannan ban taɓa gaya wa mahaifiyarsa ba.

Wata rana da hantsi na faɗo daga kan kujera ina shure-shure, na tauna harshe, jini ya ɓata shaddar wani ango da ke kan keke. Da na farfaɗo na tarar ana min tofi, an turara hayaƙi, ana cewa iska ce ta taɓa ni. Na bar su a haka. Aljani ba abin kunya ba ne a unguwa, ƙwaya kuwa abin kunya ce. Inna ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin rubutu da ruƙiyya, ina kallo, na san abin da ke damuna yana cikin aljihun wandona. Ta rasu ba ta san gaskiya ba. Wani lokaci nakan ce gara haka, na raba ta da baƙin ciki. Wani lokaci kuma in kasa barci.

A 2018, bayan binciken da BBC ta yi, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada amma ba ta ɓace ba. A farkon 2019 aka fitar da binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi: mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu a shekarar da aka duba, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol ne, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Na ji a rediyo ina guga. Ina cikin lissafin.

Ku kuwa na yanzu, wallahi kuna ba ni haushi. Mu mun shiga ba mu sani ba, ku kuna gani. Ba layin da babu wanda ya zauce, ba makabartar da ba a kai saurayi ba, amma ku ɗora waya kuna ɗaukar kanku ido a lumshe kuna cewa kun yi caji, ku saka a TikTok. Yaro bai ɗinka riga goma a rayuwarsa ba yana cewa baya ya riƙe. Wane baya? Ba ku iya zaman minti goma ba waya a hannu, to ta ina natsuwa za ta shigo? Na san ku ma kuna da naku nauyin, ga tsadar rayuwa, ga karatu ba aiki. Na sani. Duk da haka haushin bai tafi ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, sai na ga kaɗan ne nake da yaƙini a kansu.

Kada ka sha ta farko. Ka mayar da ɗinkin, mai kaya ya zage ka, ka yi asarar kuɗin. In maigidanka ne ke ba ka don ku kwana kuna aiki, bar shagon.

In ka riga ka shiga, ka daina yau. A'a, kada ka yanke lokaci guda kai kaɗai a ɗaki. Na gwada: hamma, majina, gudawa, ƙasusuwa kamar ana sara, ƙafafu ba sa tsayawa wuri ɗaya, ga wani tsoro da ba shi da dalili, kuma ƙarshenta na koma na sha fiye da da. Abin da za ka yi yau shi ne ka je asibitin ƙwaƙwalwa. Akwai na Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri. A can za a rage maka a hankali, a duba damuwar da ta kai ka tun farko. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. In ma an ce ka haukace, a ce.

Ka gaya wa wani a gidanku, kada ka yi irin tawa da Inna. Amma ka zaɓi wanda za ka gaya wa. Akwai iyayen da daga jin haka sai gidan mari, kuma duk mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga Rigasa a Kaduna a watan Satumba na 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa na hana mutum zuwa kemis, ba ta taɓa abin da ke kai shi.

Ka rabu da abokan sha, ka goge lambobinsu. Ko da yake ni wanda ya ja hannuna zuwa asibiti shi ne mai surfanin nan da ya ba ni ta farko, bayan shi ya riga ni fita. To, ka rabu da masu sha, ka riƙe wanda ya daina.

Kada ka sa ran daɗin duniya zai dawo da wuri. Watanni na yi abinci ba ɗanɗano, zikiri ba ya ratsa ni, ɗinki kamar hukunci. A nan mafi yawa ke komawa, suna zaton haka za su ƙare. Yana dawowa, kaɗan-kaɗan, in ka ci gaba da zama a da'irar da kan keken ko ba ka jin komai. In kuma shaiɗan ya rinjaye ka ka koma, kada ka sha adadin da ka saba. Jikinka ya manta da shi, kuma abin da da yake sa ka aiki yanzu yana iya kashe ka.

Wanda kuma ya tarar da abokinsa a sheme, yana wani irin minshari, numfashi sama-sama, leɓe ya canza launi, ƙwayar ido ta tsuke, kada ya ce barci ne zai tashi. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. In yana shure-shure kada a cusa masa cokali a baki, a dai janye abin da zai buge shi. A kwantar da shi a gefensa, a nemi Adaidaita Sahu a kai shi asibiti mafi kusa. Akwai allurar da ake kira naloksan da ke farfaɗo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne, amma sai likita ya san abin da aka sha. Ku tafi da katin ko kwalbar, ku faɗi guda nawa ya sha, da me ya haɗa, da ƙarfe nawa.