Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙanƙarar da ba ta da mai ita

Makon jiya na tsaya a daren da na sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, jaka ɗaya a hannu, rigar sanyi a kafaɗa, gumi yana tsiyayo mini tun kafin in fito waje. Wata biyar ke nan rabona da zafi, ina aikin kicin a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya.

Kwana biyu na yi ina ramuwar barci a ɗakin Inna. A rana ta uku, bayan la'asar, na tafi gai da Kawu a shagonsa da ke bayan layin dogo a Agege. Waɗanda suka biyo labarin nan tun farko sun san shi: shi ya ɗauko ni daga gida ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma a shagon nan na fara sanin mene ne neman na kai. Sana'arsa ƙanƙara. Ana ɗura ruwa a leda, a jera a firiza shida, a sayar wa masu zoɓo da kunun aya da masu kifi. Arzikinsa duka a hannun wutar lantarki yake. Ranar da na je, kwana uku ba a kawo ta ba, kuɗin man janareta ya cinye riba, ransa a ɓace.

Muka gaisa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, an ce ka je ƙasar da ƙanƙara take zube a ƙasa kamar rairayi. Gaskiya ne ko irin zancen 'yan jirgi ne?"

Na ciro waya na miƙa masa. Hoton farko wani dutsen ƙanƙara ne da muka wuce, tsayinsa ya fi benayen Marina, gindinsa shuɗi kamar an turo shi daga marinar Ƙofar Mata. Na ce masa abin da yake gani a saman ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, sauran yana nutse. Na ce kuma ba ruwan gishiri ba ne, ruwan daɗi ne, dusar ƙanƙara ce da ta danne juna shekara da shekaru. Wani lokaci masu kwale-kwale sukan tsamo guntu su kawo mana kicin, in ka jefa shi a kofi sai ka ji yana ƙaras-ƙaras, iskar da ta maƙale a ciki tun zamanin da ba a sani ba tana fita.

Kawu ya yi shiru. Can ya yi tambayar da, wallahi, duk cikin fasinjojinmu masu digiri ban ji wanda ya yi ta da gaske haka ba.

"To, ta wace ce?"

Na ce ba ta kowa ba ce, Kawu. A 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Washinton, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu a cikinsu. Suka ajiye maganar mallaka gefe, suka hana kafa sansanin soja da gwajin makamai, aka bar Antaktika ga masu bincike. Daga baya aka hana haƙar ma'adinai ma. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙanƙarar duniya tana can, babu mai shago, babu mai karɓar haraji.

Ya tafa hannu ya ce, "Allah mai iko. Ya ba mai haƙori ƙashi, ya ba marar haƙori nama."

Kafin a jima majalisa ta haɗu, mai shayin gefe ya bar tukunyarsa ya matso. Suka ce in faro daga farko, sai na taƙaita musu abin da ku kun riga kun karanta: yadda na tashi daga wanke-wanke a wani jirgin dakon kaya a Apapa har na sami gurbi a kicin ɗin jirgin 'yan yawon buɗe ido, yadda muke tashi daga Ushuwaya, garin da ke can ƙuryar kudancin Ajantina, mu yi kwana biyu muna keta mashigin Direk. Wannan ruwa ba ya wasa. Tukwane a ɗaure suke, mu ma sai mun dafa bango. Duk amai na rayuwata a can na yi shi.

Amma tsuntsun nan fengwin shi ya cinye hirar. Na nuna musu bidiyonsa yana tafe tinƙis-tinƙis, baƙin baya, farin ciki, fukafukai a buɗe, kamar attajiri ya ci ya ƙoshi yana neman takalminsa a ƙofar masallaci. Ba ya tashi sama, amma a ruwa kifi ma sai ya yi da gaske. Da tsakuwa yake gina sheƙa, kuma ɓarawo ne na ƙin ƙarawa: yana ganin maƙwabci ya juya ƙeya zai zare tsakuwa ɗaya ya kai wa matarsa, shi ma a sace masa kafin ya dawo. Mai shayi ya ce ashe har can akwai 'yan Oshodi.

Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne wari. Tun kana cikin kwale-kwalen roba, kafin ka taka ƙasa, zai buge ka. Kashinsu ja-ja ne, saboda abincinsu wasu ƙananan halittu ne irin jatan lande da suke cika tekun. Su ne kuma abincin wel, ƙatuwar dabbar nan da muke kira kifi alhali shayar da 'ya'yanta take yi. Na taɓa ganin ɗaya ta ɗaga jela dab da jirginmu, na manta da albasar da nake yankawa.

Wani dattijo ya tambaya ko ana cin tsuntsun. Na ce Baba, ko taɓa shi ba a yi. Doka ce ka tsaya nesa da shi mita 5, sai dai in shi ya ga dama ya zo ya ja maka igiyar takalmi. Mutum fiye da 100 ba sa sauka a wuri ɗaya lokaci guda, shi ya sa ake raba fasinjojinmu gida biyu. Kafin a sauka ana zuƙe aljihunan riguna da inji, a wanke takalma da magani, kada wani ya kai ƙwayar ciyawa ko cuta. Ko tsakuwa ba a ɗaukowa. Kawu ya ce mutanen da suka biya dubban daloli, aka hana su ko gashin tsuntsu, lallai kuɗi sun yi musu yawa. Ban musa ba. Ni kaina sau uku kawai na taka ƙasar, ranakun da shugaban kicin ya ji tausayinmu.

Da aka kira magariba muka shiga masallaci. Bayan sallama Malam ya riƙe hannuna, don shi na dama da saƙon murya a watan Disamba. Matsalata a lokacin ita ce rana. Takan faɗi can cikin dare, ta ɗan ɓuya, ta sake fitowa, amma duhu bai taɓa shiga ba, jan shafaƙi bai ɓacewa balle a ce isha ta yi. Da muka tsallaka kudu sosai kuwa, faɗuwar ma ta daina. Ni da wasu 'yan Indunusiya biyu masu gyaran ɗakuna muka rasa inda za mu sa kanmu. Malam ya aiko mini da hadisin kwanakin Dujal, inda aka ce rana ɗaya za ta yi tsawon shekara, sahabbai suka tambayi sallah, aka ce su ƙaddara mata lokaci. Ya ce mu bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana, sai muka riƙe na Ushuwaya. Alƙibla kuma da muka tambayi masu tuƙi, gabas ta faɗa, kamar a gida.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi isha ina ganin inuwata."

Ya yi murmushi, ya ce gobe bayan asuba in zo in maimaita wa ɗalibai, don shekara talatin yana karantar da babin nan bai taɓa ganin wanda abin ya faɗa wa ba.

Muna fitowa yara suka kwashe da ihu, an kawo wuta. Kawu ya cusa mini wayata a hannu, ya tattare babbar riga, ya nufi shago da sassarfa yana ƙwala wa yaronsa kira ya kunna firiza.

A mako mai zuwa zan ba ku labarin saƙon da ya same ni bayan sati uku, na aikin bazara a can arewa, tsibiran Sibalbad na ƙasar Nowe, inda ba a fita wajen gari sai da bindiga saboda farin beyar, ƙatuwar dabbar ƙanƙara da kan kai wa mutane hari, da kuma abin da Inna ta ce da ta ji.