Ganin Dala ba shiga birni ba ne

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, ku zo ku ji inda na yi tuntuɓe.

Wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Kejetia ya ba ni aikin manhajar ciniki. Na gina ta da yaren Java bisa tsarin OSGi, mai raba manhaja ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare da aikinsa: mai lissafin kaya daban, mai buga rasit daban. Tabbatar da kuɗin MoMo, wato biya ta wayar salula, kuwa wata sabar ce (kwamfuta mai ba da hidima) can nesa take yi, mu dai shigo da hidimar muke yi ta intanet. Na rubuta gwaji ɗaya tak: shin hidimar ta bayyana a rajista, wato jerin hidimomin OSGi, da alamar service.imported mai nuna an shigo da ita daga nesa? Ta bayyana. Na ce Alhamdulillahi, na miƙa aiki.

Abin da ban lura ba, wakilin sabar ne kawai ke zaune a rajistar, ba ita kanta ba. Adireshin sabar a fayil na rubuta shi, don haka ko tana raye ko ta mutu, wakilin zai fito ya tsaya.

Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Ghana ta shiga ƙunci. Manhajata ta aika tambaya ta zauna jiran amsa, ni kuwa ban sa mata iyakar jira ba. Allon ya daskare, har rasit ɗin masu biya da tsabar kuɗi ya ƙi fita. Na iske yaron shago da biro yana rubuta ciniki a bayan kwali. Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, "Ɗana, ba ka ce ka gwada ba?" Har yau tambayar tana ci mini rai.

Don Allah, in kun shigo da hidima daga nesa, ku kira ta da gaske. Ku aika abin da kuka san amsarsa, ku duba abin da ya dawo, har da ko sidi ne ko fesewa, domin sidi 1 fesewa 100 ne. Lambar 200, wadda sabar ke maidowa don cewa buƙata ta yi nasara, ita kaɗai ba ta isa shaida ba, ku buɗe saƙon ku karanta.

Sannan ku zare wayar intanet da hannunku gwaji na tafiya. Ni yanzu daƙiƙa 5 nake ba sabar ta amsa. In ba amsa, allon ya ce MoMo ba ya samuwa, a karɓi tsaba, rasit kuma ya fita.