Taku ashirin da bakwai daga turkena

Har yau idan aiki ya bi da ni ta bayan Rijiyar Zaki, nakan kau da kai daga wani ɗan dakalin siminti da ke gaban wani masallaci. A ƙarƙashinsa rami ne mai zurfin mita 72 wanda bai ba da ko ɗigon ruwa ba. Kuɗin karo-karon mutanen unguwa ne suka tafi a cikinsa, har da na matan da suka fasa asusu. Kuma ni ce na yi awon wurin.

Ilimin duwatsu na karanta a Jami'ar Bayero. Aikina shi ne, kafin a kawo motar haƙa burtsatse, in auna ƙasa in nuna inda za a huda. Tunda na fara, macen da nake haɗuwa da ita a filin haƙa ba ta wuce mai kawo wa leburori abinci.

Mutane suna ɗauka ko'ina aka huda a Kano ruwa zai fito. Ina! Can gabas wajen Haɗeja da Gumel ne ƙasa take da rairayi mai kauri da ke riƙe ruwa kamar soso. Mu birninmu a kan tsohon dutse yake zaune, kuma dutsen ba ya shan ruwa. Wuri biyu ruwan yake maƙalewa: a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, ko a cikin tsagar da ta ratsa mai ƙarfin. Tsaga kuwa siririya ce. Shi ya sa maƙwabcinka zai samu kai ka rasa, alhali katanga ɗaya ce tsakaninku. Ruwan famfo daga Challawa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero ake turo shi, an gama dam ɗin Tiga a 1974, ga matatar Tamburawa, amma gari ya tsere wa bututu. Sababbin unguwanni sai 'yan garuwa da kurarsu.

Ranar awo ba ni da abin cewa a kanta. Ƙarafa huɗu muka kafa a layi, na wajen biyu suna tura wutar batir cikin ƙasa, na tsakiya suna karantawa, muna ta ja da waya baya har mita 100 kowane ɓangare. Bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas, sai da muka riƙa zuba ruwan gishiri a gindin kowane ƙarfe kafin na'ura ta yarda ta yi karatu. Wuri uku na gwada. Biyun da ke filin gaban masallaci dutse suka nuna kusa-kusa. Na ukun, a wani lungu ta baya kusa da wata darbejiya, shi ya nuna laushi tsakanin mita 25 zuwa 40. Nan na kafa turke, na shafa masa jan fenti.

Abin da ban duba ba shi ne ko motar za ta iya shiga lungun.

Ranar haƙa, sai bayan la'asar masu motar suka iso. Shugaban masu haƙar dattijo ne, gemunsa fari fat, ya girmi mahaifina. Ya leƙa lungun, ya dubi kusurwar wani kango da ta tare hanya, ya dawo fili ya dangwala ƙafa ya ce a kafa a nan. Na matsa na ce, "Baba, ai turken yana can baya." Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. Nan da can duk ɗaya ne, ruwa na Allah ne." Yaransa suka yi dariya. 'Yan kwamitin masallaci su wajen takwas suka juyo suna kallona.

Na san amsar. Takardar tana cikin jakata, da zanen da ya nuna dutse a mita goma sha wani abu a daidai inda ya taka. Amma an raine ni a kan ba a musu da babba, balle a gaban jama'a, balle kuma mace ita kaɗai a tsakiyar maza. Na ji bakina ya ce, "To Baba, yadda ka gani." Magariba ta kawo kai, wayata tana ta ƙara daga gida, na tari adaidaita na tafi. Daga baya na taka tsakanin turkena da inda suka kafa: taku ashirin da bakwai.

Washegari tun kafin azahar na gane an yi asara. An wuce jar ƙasa, an wuce marmara, a mita 14 kwamfaresa, wato injin da ke hura iska cikin ramin, ta fara feso farar ƙura busasshiya mai kama da toka. Na damƙi ƙurar a hannu, ko alamar danshi babu. A nan ma ya kamata in ce a tsaya. Na sake yin shiru, ina fatan a ci karo da wata tsaga. Ana ƙara rodin haƙa, kuɗi suna ƙonewa da man dizal, har mita 72.

Babu wanda ya tuna da turke. Abin da na ji da kunnena, daga bayan motar, shi ne, "Dama mace aka ɗauko." Wannan maganar ta fi asarar kuɗin ci mini rai, don gaskiyar lissafina tana nan, ni ce na kasa tsaya mata. Da namiji ne ya yi wannan kuskure, sunansa kaɗai za a kira. Ni kuwa duk wata yarinya da za ta zo bayana da na'ura a hannu, na ɗora mata bashin da ba ta ci ba.

Kwana uku ban fita ba. A na huɗu na je gidan shugaban kwamitin, na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa zanen. Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne da na yi shiru, amma ruwan yana can." Na mayar da kuɗin awona, na sayar da sarƙata na ɗauki nauyin rushe kusurwar kangon da sake gina ta, bayan mai shi ya amince. Wata biyar suka yi kafin su sake haɗa kuɗi. Da aka haƙa a kan turken, ƙura ta fara yin duhu a mita 31, a 36 ruwa ya yi tsiri sama har ya jiƙa darbejiyar. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gidaje. Na yi hamdala, amma raina bai yi fari yadda na zata ba. Wata tsohuwa da ta sayar da akuyarta a karon farko tana tsaye a ƙofar gida, na kasa haɗa ido da ita.

Yanzu ba na barin wuri ranar awo sai na bi hanyar da mota za ta shiga da ƙafata, na duba wayoyin lantarki a sama da kwatami a ƙasa. Turke da siminti nake dasa shi, lambobin wurin na GPS suna kan takarda, mai aiki da mai haƙa duk su sa hannu. Haƙa da safe ake farawa ko in ce a bari sai gobe, don kada magariba ta sake kora ta gida kafin bakin injin ya taɓa ƙasa. Idan kuma dattijo ya ƙi, ba a gaban yaransa nake magana ba. Nakan ja shi gefe, in gaishe shi da kyau, in nuna masa zanen, in ce idan za a matsa to a rubuta ba da yawuna ba. Har yau ban ga wanda ya yarda ya rubuta ba.

'Yan'uwana masu sha'awar wannan aiki, ku kula da hijabi a kusa da inji. Rodi yana juyawa, ba ya jira. Ƙarami nake sawa in cusa shi cikin rigar aiki, da hular kwano a sama. Kuma ku yi amfani da abin da maza ba su da shi: ƙofar da aka rubuta "ba shiga" a buɗe take gare mu. Matan gida su suka san rijiyar da ke ƙafewa tun watan Maris da wadda ke kaiwa damina, da gaba nawa igiyar guga take. A waccan unguwa ma wata amarya ta gaya mini tun ranar awo cewa rijiyoyin layin baya ba sa ƙafewa. Na'ura ta faɗa, matan gida sun faɗa, na zo gaban maza takwas da dattijo ɗaya na ce "yadda ka gani."

Dakalin yana nan. Yara a kansa suke zama da jarkokinsu, suna jiran layi ya zo kansu a famfon da aka jawo daga lungun baya.