Daga Injin Dizal Zuwa Tukunyar Nukiliya ta Zariya

Na fara aikin bincike ne a kan injin dizal, ina auna yadda zafi ke ratsa jikin silinda ya shiga ruwan sanyaya, shi ya sa da na koma fannin makamashin nukiliya ban ji kamar baƙo ba, domin a can ma tambayar ita ce ina zafi zai bi, kuma da wane sauri. A tashar lantarki ta nukiliya, tsagewar ƙwayar yuraniyom ruwa take tafasawa, tururin ya juya injin da ke haɗe da janareta.

Abin da na fi sani a kusa shi ne NIRR-1, ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike (wato na'urar da ake tsaga ƙwayar yuraniyom a cikinta) ƙirar Sin da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta a lokacin kilowat 30 ne kacal, ba ta ba kowa wuta, duk da cewa 'yan'uwa sun sha tambayata yaushe za ta haskaka Samaru. Aikinta shi ne a ɗura ɗan garin dutse ko na hatsi cikin ƙaramar roba, iska ta tura shi ta bututu zuwa gefen tsakiyar tukunyar, ƙwayoyin nutiron da tsagewar ke saki su buge shi, a fito da shi a karanta sinadaran da ke ciki daga hasken gamma, wanda ido ba ya gani, da yake fitarwa.

A 2018 aka sauya makamashinta daga yuraniyom mai inganci kusan kashi 90 (wato yawan nau'in da ke tsagewa a cikinsa) zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon makamashin zuwa ƙasar Sin. A ganina lissafin zafin da wannan sauyi ya buƙata ya fi komai koyar da matasan injiniyoyinmu haƙuri.