Borin jinin da rana ke tayarwa, abin da aikin jinya ya koya min

Mai wannan ciwon kusan kullum da fatarsa sumul yake isowa gaban likita. Kafin ya yanki kati ya zauna a benci cikin inuwa layi ya zo kansa, rudu-rudun ya sace gaba ɗaya, sai ya yi ta bayani yana nuna hannu babu komai, a gida ma an gaji an ce masa raki ne ko kuma ƙurajen zafi. Wallahi wannan rashin yardar ya fi ƙaiƙayin ci musu rai, na ga babbar mace ta yi hawaye don kawai an ce mata "Hajiya, mun san ciwon nan, yana da suna."

Shi ya sa na koyi tambayar lokaci kafin komai. Minti nawa da shigarki rana ya fara? Awa nawa ya ɗauka ya kwanta? Borin jinin rana ba ya jira, cikin minti 5 zuwa 10 wajen zai hau ƙaiƙayi da raɗaɗi ya kumbura kamar an zane mutum da bulala, in ya koma inuwa kuma yawanci awa 1 ko 2 ya lafa, da wuya ya wuce awa 24, kuma ba ya barin tabo. Ƙurajen zafi daban, su gumi ne ya toshe, ƙanana ne suna yin kwanaki. Akwai wani kuma da sai bayan awanni da shan rana yake fitowa ya daɗe, ga wanda magani irin doxycycline ke jawowa, duk hanyarsu daban ce.

Abin da ke faruwa, hasken ne ke taɓa wani abu a cikin fata, jiki ya ɗauke shi baƙo, sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su saki sinadarin histamin, shi ne mai kumburin da ƙaiƙayin. A baƙar fata irin tamu jan nan da ake nunawa a littattafai ba ya fitowa sosai, tudun kumburin ake gani, don haka nake roƙon kowa ya ɗauki hoto da waya a lokacin da abin ya tashi, ta gefe yadda tudun zai fito.

Wani abin da ya ban mamaki, fuska da bayan hannu da kullum suke rana sau da yawa sun fi juriya, wajen da ya saba rufuwa kamar ƙirji da damtse shi ya fi bori. Kuma ba zafin ranar ba ne, hasken ne, yana ratsa gilashin mota, yana ratsa mayafi shara-shara da farar shadda mara kauri. Man kariyar rana yana taimakon wasu amma ba kowa ba, saboda wasu hasken da ido ke gani ne ma yake tayar musu, shi kuma man ba ya tare irin wannan hasken sosai. Yadi mai kauri mai duhu, dogon hannu, malafa ko lema, sannan in da hali a mayar da shanya da cefane da safe ko bayan la'asar.

Maganin farko su cetirizine ne ko loratadine ko fexofenadine, masu hana histamin ɗin nan aiki, kuma kafin a fita ake sha ba bayan jiki ya tashi ba, ƙarin yawansa aikin likita ne. Piriton yana sa barci, mai tuƙin adaidaita ko acaɓa ya kiyaye. Dexamethasone ɗin nan da ake saya a kemis ana sha wata da watanni, don Allah a bari, ɓarnarsa ga jiki ba kaɗan ba ce. In abin ya ƙi ji, likitan fata na iya saba wa fatar da haske kaɗan-kaɗan a asibiti, ko allurar omalizumab, sai dai tana da tsada ƙwarai.

In kuma rana ta daki jiki da yawa mutum ya fara jiri, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi na sarƙewa, wannan ba na jiran inuwa ba ne, a tafi da shi sashen gaggawa nan take.