Kafin ka sayi murhun gashi na gas, leƙa cikinsa tukuna

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a Amurka ya san da zarar sanyi ya fara ja baya, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu haka, manyan shagunan kayan gida irin su Home Depot da Lowe's sai su fito da murhunan gashi su jera su a bakin ƙofa suna ta ƙyalli a rana. Su mutanen nan gashi a bayan gida al'ada ce, ranakun hutu irin su Memorial Day a ƙarshen Mayu da 4 ga Yuli unguwa duk ƙamshin nama take. Mu kuwa namu dalilin daban ne, ga naman layya da ya cika firiza, ga kwaɗayin tsire kuma babu mai tukuba a kwanar layinku balle ka aiki yaro. Shi yasa 'yan uwa suke yawan tambayata wanne ya kamata su saya, kuma kusan kullum hoton da ake turo min iri ɗaya ne, wani ƙaton abu fari tas mai bona shida (bona ita ce bututun da wutar ke fitowa ta jikinsa) da ɗan murhu a gefe na ɗora tukunya, kuɗinsa kuma ko na mai bona uku na kamfanin kirki bai kai ba. Sai a rubuto min "Malam kaga wannan garaɓasar?"

To ni dai amsata ɗaya ce, je shagon da kanka ka taɓa shi. Hoto ba ya nuna kaurin ƙarfe.

In ka je, kar ka tsaya karanta takardar da suka manna, kama hannun murfin ka ɗaga. Na kirki za ka ji nauyi a hannunka, ya tashi a miƙe ya sauka a miƙe ya zauna daram. Na banza kuwa in ka ɗan murɗa hannun zuwa gefe sai kaga murfin gaba ɗaya ya karkace, kusurwa ɗaya ta riga ɗaya sauka, yana wani ƙara irin na gwangwani. Daga nan ka dafa teburin gefen nan ka ɗan danna, ka kama jikin ka girgiza shi gaba da baya ba tare da jin kunyar ma'aikatan shagon ba, ai kuɗinka za ka bayar. Wanda yake rawa tun yana sabo a kan siminti mai kyau, ka ƙaddara yadda zai zama bayan ya sha ruwan sama da ƙanƙara kuma yara sun ja shi a kan ciyawa. Sa yatsa ka bi bakin ƙarfen ta ciki a hankali, in ka ji kaifi kamar zai yanke ka to kamfanin bai damu ya lanƙwasa bakin ba, kuma wanda ya yi ha'inci a inda hannu ke kaiwa me kake tsammani a inda ido ba ya gani. Ka duba kuma ko walda aka yi ko ƙananan sukurori ne suka riƙe komai, don tsatsa daga ramin sukuru take fara cin ƙarfe.

Amma duk wannan share fage ne. Ainihin murhun yana ciki, sai ka cire ragar da ake ɗora nama, ka cire ƙarafunan da ke ƙarƙashinta, ka leƙa kwandon da wutar take zama. Wannan kwandon shi ne rayuwar murhu, komai in ya lalace ana canzawa amma in shi ya huje shikenan sai bola. Mafi kyau a irin kuɗin da yawancinmu za mu iya shi ne na zubin alminiyam, irin ƙarfen tukunyar dalma ɗin nan ta gida da ake gado daga kaka, ba ya tsatsa ko da wasa kuma yana riƙe zafi. Bayansa sai ƙarfe mai kauri da aka gasa masa ruwan tangaran a jiki, shi ma yana daɗewa matuƙar bai ɓantare ba. Wanda nake gudu shi ne siririn ƙarfe da aka yi wa baƙin fenti kawai, kuma abin haushin shi ne irinsa ake ɓoyewa a ƙarƙashin farin murfi mai ɗaukar ido. Akwai wani maƙwabcina, dattijo ne mutumin kirki, ya kira ni in duba masa nasa wai wuta ba ta tashi sosai. Daga waje abin gwanin sha'awa, murfi na walƙiya. Da muka ɗaga ragar sai ga ƙasan kwandon ya zama jan gari, na danna da ɗan yatsa ya burma, ina hango takalmina ta cikin ramin, bonar tsakiya kuma ta tsage tun daga kai har gindi shi yasa wutar take fitowa wuri ɗaya ja wur maimakon ta jeru shuɗiya. Nace Baba wannan sai haƙuri. Ya ce to ai sitenles ne aka ce masa.

Nan ne ake cin mutane. Sitenles kala-kala ne. Akwai mai lamba 304, wanda a cikinsa akwai kuromiyam kamar kashi 18 cikin ɗari da nikel kamar kashi 8, shi ne mai jure tsatsa da gaske. Akwai 430, shi babu nikel ɗin, ya fi arha, yana ƙyalli daidai da wancan a shago amma in ya sha danshi sai ya fara fitar da ɗige-ɗigen tsatsa, musamman ga waɗanda ke zaune kusa da teku inda iska ke da gishiri. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ka ciro maganaɗisun nan da ake mannawa a ƙofar firij ka sa a aljihu. In ya manne ƙam to 430 ne ko wani abu ƙasa da shi, 304 ba ya kama maganaɗisu sai dai ɗan kaɗan a inda aka lanƙwasa shi. Sai dai kar ka saki jiki gaba ɗaya, don akwai wani mai arha lamba 201 da shi ma ba ya kamawa, an rage masa nikel an cike da manganis. Don haka in maganaɗisu bai kama ba sai ka nemi inda aka rubuta 304 ƙarara, kamfanin da ya kashe kuɗi ya sa shi ba zai yi shiru ba. Kuma gaskiya 430 a murfi ko ƙofar kabad ɗin ƙasa ba wani tashin hankali ba ne, inda nake so in ga ƙarfe mai kyau shi ne bona da raga, wurin da wuta da maiƙo da gishiri suke haɗuwa kullum. Kauri ma haka, lambar geji in ta yi ƙasa ƙarfen ya fi kauri, geji 16 kamar milimita ɗaya da rabi ne, geji 20 kuwa bai cika milimita ɗaya ba.

Raga kuma ka ɗauke ta a hannu ka ji. Ko dai ta zubin baƙin ƙarfe mai nauyi, wadda take riƙe zafi ta yi wa nama zane mai kyau amma tana son a riƙa shafa mata mai, ko ta sandunan sitenles masu kauri kamar milimita 7 zuwa 9. Ni ta biyun na fi so don ba ni da juriyar lallaɓa ƙarfe. Siririyar waya da aka yi wa ruwan ƙyalli kuwa ko kyauta aka ba ka sai ka sake sayen wata.

Su kuma ƙarafunan nan masu kama da rufin ɗaki da ke saman bona, ba ado ba ne. Da can duwatsun aman wuta ake zubawa a wurin, suna shan maiƙo har wata rana su kama da wuta. Kamfanin Weber, wanda George Stephen ya fara da murhun gawayi mai zagaye a 1952 a Chicago, shi ya fito da samfurin Genesis a 1985 da waɗannan ƙarafunan a madadin duwatsu, maiƙo ya ɗiga a kansu wani ya ƙone ya zama hayaƙi mai ƙamshi, sauran ya gangara ƙasa bai toshe ramukan bona ba. Yanzu kusan kowa haka yake yi. Su ne suke fara mutuwa a kowane murhu, don haka ka ga kaurinsu. Sannan ka bi hanyar maiƙon da ido, ina yake zuwa? Ya kamata a ce akwai faranti mai gangara da ke kai shi cikin ɗan kwano, kuma ka iya zaro shi cikin sauƙi. Naman rago maiƙo gare shi ba kaɗan ba, in farantin nan sai an kwance sukuru ake fito da shi wallahi ba za ka riƙa wankewa ba, kuma sau da yawa gobarar murhu daga tarin maiƙon nan take tashi.

Sai maganar BTU, wato ma'aunin ƙarfin wuta, da suke rubutawa da manyan baƙaƙe. Wannan lambar, yawan gas ɗin da murhun yake sha a awa ɗaya take nunawa, ba zafin da ke isa ga nama ba. Tukunyar gas ɗin da aka saba da ita a nan mai fam 20 ce, kilo 9 kenan, kuma in ta cika tana ɗauke da BTU wajen 430,000. Kaga murhu mai 60,000 in ka buɗe shi duka zai shanye ta cikin awa 7, mai 30,000 kuwa zai kai awa 14, kuma in na biyun yana da murfi mai kauri da ke rufuwa ruf zai iya fin na farkon zafi, don shi wancan rabin wutar iska yake ɗumamawa. Lissafin da ake yi shi ne a raba BTU na manyan bonoyin da faɗin ragar, in ya ba ka tsakanin 75 zuwa 100 a kowane inci murabba'i ya wadatar. Ka lura wasu suna haɗawa da na murhun gefe don lambar ta kumbura, su kuma haɗa faɗin ƴar ragar sama ta ɗumama burodi a cikin lissafin fili. Af, kuma tukunyar da ake musanyawa a bakin shaguna yawanci fam 15 ake zuba mata, in kana da wurin da ake cikawa a gabanka ya fi maka.

Bona uku sun ishi gida, har da baƙi. Abin da nake so da ukun shi ne ka iya kunna gefe ɗaya ka bar ɗaya a kashe, kuma ga mai son tsire wannan ba ƙaramin abu ba ne. Garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba sa son harshen wuta, minti kaɗan sun yi baƙi sun yi ɗaci alhali naman bai nuna ba. Ai in ka tuna yadda masu tsire suke kafa tsinkayensu a kewaye da wuta a tukuba, nesa kaɗan, suna juyawa, to haka za ka yi a nan, ka jera a gefen da ba wuta ka rufe murfi, sai a ƙarshe ka matso da shi kan wuta ya ɗan yi ja. Ba zan yaudare ka ba, ɗanɗanon itace ba zai fito daga gas ba, ko ka sa ɓarɓashin itace a ɗan akwatin ƙarfe kusa kawai zai kai ka. Abin da gas ya fi shi ne ka dawo aiki ka gasa kaza kafin magariba ba tare da fifita gawayi ba.

Kafin ka biya ka ɗauko waya ka rubuta lambar samfurin a intanet tare da bona ko raga, ka ga ko ana sayar da kayan gyaransa. Su Weber da Napoleon da Broil King, biyun ƙarshen na Kanada ne, za ka samu kayan murhun da ya shekara goma da fita. Wasu sunayen kuwa shago ne kawai ya sa aka buga masa, baɗi an canza samfuri. Garantin ma ka karanta shi gaɓa-gaɓa, don "shekara 10" da ke jikin kwali wani lokacin bona kaɗai yake nufi, kwandon wuta shekara ɗaya ko biyu. Shi yasa ga wanda aljihunsa bai kai ba nake cewa ya leƙa Facebook Marketplace, tsohon murhu mai kwandon alminiyam da masu shi suka gaji da shi, ka wanke ka sa masa sabuwar bona da raga, ya fi sabon gwangwani nesa ba kusa ba. In ka ga cikin murfin yana ɓarewa kamar fenti kar ka tsorata, yawanci busasshen maiƙo da hayaƙi ne, kankarewa ake. Wanda kuma zai iya haƙuri ya jira bayan Labor Day a farkon Satumba lokacin da shaguna ke neman wurin ajiye kayan sanyi, sai dai a 'yan shekarun nan Babbar Sallah a Mayu da Yuni take faɗowa, daidai lokacin da kowa ke saye, don haka sai dai ka sayi na baɗi tun bana.

Masu niyyar sa shi a kwantena zuwa gida kuma, ku tabbatar na gas ɗin tukunya ne, don akwai na gas ɗin bututu da ake jawowa daga cikin gida kuma ramukan da gas ke fita ba girmansu ɗaya ba, ba a musanya su haka kawai. Kan tukunyar Amurka ma ba ɗaya yake da na silindarmu mai kilo 12.5 ba, sai mai aikin gas ya canza regileta.

Ranar da ka haɗa shi, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a tiyo da duk mahaɗa, ka buɗe tukunya a hankali bonoyi suna kashe, in ka ga kumfa tana tashi akwai yoyo, rufe. Kullum murfi a buɗe ake kunnawa, kuma a ja shi nesa da bango da rumfa. Daga nan ka samo burodi mai yanka-yanka mafi arha ka shimfiɗa a ragar gaba ɗaya bayan ta yi zafi, ka ba shi kamar minti ɗaya ka juya su a inda suke. Za ka ga inda ya ƙone da inda ko ɗumi bai yi ba, ka ɗauki hoto ka ajiye. In bambancin ya yi yawa, wani baƙi ƙirin wani fari fat, to rasit ɗinka na nan, mayar musu da kayansu tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba.