Magaribar Kiribi

Asabar, da dare, Kiribi.

A barandar masauki nake rubutun nan, don ɗakin ya yi zafi, Baba kuma ya riga ya yi barci, ba na son hasken waya ya tashe shi. Rairayi har cikin aljihun rigata. Daga nan ba na ganin tekun, ƙararsa kawai nake ji, kamar ana ta juye tirelar tsakuwa ba a gamawa.

Tafiyar nan Baba ne ya jawo ta. Shekara 34 ya yi yana ladanci a ƙaramin masallacin layinmu a Briketeri, unguwarmu a Yawunde ta ƙasar Kamaru, kafin yanar ido ta zaunar da shi. Da damina aka yi masa aiki, ido ya buɗe. Wata ranar yana zaune a shagona ina kan keke, sai ya ce, "Ka san ni ban taɓa ganin faɗuwar rana ba?" Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Ya ce da gaske yake. A Yawunde aka haife shi, a nan ya tsufa, kuma a Yawunde rana ba ta faɗuwa, ɓuya take yi a bayan tudu. Lokacin da ta ɓace mana, mutanen da ke ƙetaren dutsen suna nan suna shan ta. Shi ya sa duk tsawon shekarun nan agogo da takardar lokutan salla ne suka yi masa aikin ido. Ya ce yana so sau ɗaya ya tsaya inda babu dutse babu gini, ya gan ta ta nutse, sannan ya kira magariba da shaidar idonsa.

Auta ne ya ce Kiribi. Duwala bakin kogin Wuri take, ba buɗaɗɗen teku ba, ita kuwa gaɓar Kiribi yamma sak take kallo, rana ba ta da inda za ta bi sai cikin ruwa.

Mun shirya a kan za mu tashi bayan asuba. Ba mu bar gida ba sai goma da rabi, kuma laifina ne. Wata mai biki ta yi mini sammako a kan ɗinkin da na yi alkawari tun Laraba, ta zauna a kan benci ta ce ko Makka za ni sai na kai wuyan rigar nan. Tela dai tela ne. Baba yana cikin mota tun ƙarfe bakwai da carbinsa da babbar rigarsa ta Juma'a, bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo. Maiɗakina ta cika mana kwando da dambun nama da gurasa da shayi a filas, ta ce ita ba ta zuwa kallon ruwan da ba a sha. 'Yata ce ta maye gurbinta, ta shige baya kusa da kakanta.

"Amarya, da ke za a je?" in ji shi.

"To wa zai riƙe ka, tsoho, in ruwa ya ja ka?"

Haka suka yi ta yi har Edeya.

Fita daga gari ta Mvan ya ci mana kusan awa guda. Bayan Mbankomo, inda muka biya sefa 500 na hanya, sai titi ya sake. Duk wanda ya san hanyar Yawunde zuwa Duwala ya san ba a barci a kanta. Siririya ce, ga kwana, ga gangara, ga manyan motocin katako ɗauke da gungume uku ko huɗu, kowane ɗaya faɗinsa ya kusa tsayina, an ɗaure su da sarƙa. Auta direba ne mai hankali, amma duk sa'ad da ya leƙa zai wuce ɗaya daga cikinsu sai na ji Baba ya ɗaga muryar salati a baya. Yawunde tana sama da mita 700 daga teku, to duk tafiyar sauka ce, kuma jiki yana ji. Kafin azahar iskar nan mai sanyi ta garinmu ta ƙare, riga ta fara manne wa baya.

A Bumnyebel mata suka yanyame motar da abarba da soyayyar agada da mintumba, rogon nan da ake kwaɓawa da manja a naɗe a ganye. Na sayi biyar. Baba ya ci ɗaya ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Wani yaro ya ɗago mana wata dabbar daji ta wutsiya, ban ma gane ko mece ce ba, Baba ya kau da kai ya ce Allah ya ba shi ciniki a wajen masu ci.

Bayan Puma kaɗan muka tarar da layi. Motar katako ce ta kwanta a kwana, gungumen sun tare hanya gaba ɗaya. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, direban ma na gan shi zaune a kan kabari yana riƙe da kai. Awa biyu cur muka yi a wurin. Nan muka shimfiɗa tabarma a gefen daji muka yi azahar ƙasaru, wasu direbobi Fulani biyu daga Ngaundere suka bi mu. Ni dai jikina ne a sallar, hankalina yana kan agogo. Ina ta lissafi: saura kaza zuwa Edeya, daga can kilomita 110 ko kusa da haka, waya ta ce rana za ta faɗi shida da rabi saura 'yan mintuna. Da ban tsaya ɗinkin nan ba da mun wuce kafin motar ta faɗi. Auta bai faɗa ba, amma ya kalle ni kallon da ya faɗa.

Uku da rabi muka shiga Edeya. Mai zuwa Kiribi ba ya ƙetare kogin Sanaga, hagu yake yi kafin gada. Amma Baba ya ce tun yana yaro yake jin labarin gadar Jamus, ba zai zo har nan ya wuce ta ba. Na ce, "Baba, lokaci fa." Ya ce, "Kai ne za ka yi mini maganar lokaci yau?" Na ja bakina. Muka je. Gadar ƙarfe ce mai baka, tun 1911 take tsaye, yanzu an bar wa masu ƙafa, motoci suna bin wata a gefenta. Ya tsaya ya dubi kogin, ya dubi manyan wayoyin lantarki da ke tashi daga madatsar ruwan garin, ya ce, "To idan wannan kogi ne, tekun fa?" Minti goma sha biyar, muka yi la'asar muka koma mota.

Hanyar Edeya zuwa Kiribi ta fi sauƙin kai. Gonakin kwakwar manja layi-layi, sai daji, sai ƙauye, muka ƙetare kogin Nyong. Ban riƙe komai sosai ba saboda idona yana kan rana, wadda ta koma hannun damanmu tana ta leƙowa ta tsakanin itatuwa, kullum ƙasa da yadda na bar ta. Wajen Lonji 'yata ta ƙwala ihu. Tsakanin bishiyoyin kwakwa wani abu ya yi fari fat kamar an shimfiɗa kwanon rufi har ƙarshen duniya. Baba ya gyara tabarau ya ce, "Wancan sama ce ko ruwa?"

Ba mu tsaya a gari ba. Mun ƙetare gadar kogin Kiyenke, na hango hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, na ce gobe. Auta ya miƙe kudu, kilomita bakwai, zuwa inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Shida saura kwata muka ajiye mota.

Ban san yadda zan rubuta abin da ya biyo baya ba tare da na ƙara gishiri ba, kuma gishiri ya isa haka a wurin nan. Baba ya cire takalmi. Ya naɗe wando zuwa ƙwauri, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya doshi ruwa, jikarsa tana riƙe da hannunsa da gaske yanzu, ba wasa. Igiya ta farko da ta zo ta shafe ƙafarsa ta koma, rairayin ya zame daga ƙarƙashin diddigensa, ya yi taga-taga ya ce, "A'a, ƙasar ma tafiya take!" Sai ya tsuguna ya fara alwala.

Wannan ban zata ba. Shekara da shekaru yana karantar da yara a zaure cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, ni ma a bakinsa na haddace. Hukunci ne da muke bita a unguwar da ko rijiyar kirki babu. Yau ya kai ruwan baki don kurkura, ya furzar, fuskarsa ta yamutse, ya yi ta tari, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Malamai sun ce ya halatta. Ba su ce da daɗi ba." Amma ya kammala alwalar, har shafar kunne.

Muka zauna a kan wani kwalekwale da aka kife. Masuntan nan Batanga ne, wasu suna ja da nasu kwalekwalen zuwa tudu, wasu suna gyaran koma. Wata mata ta zo da farantin jatan lande da aka soya da tafarnuwa, na ce ta kawo biyu tare da bobolo, kwaɓaɓɓen rogon da ake dafawa a naɗe a ganye. 'Yata ta ce a makaranta an gaya musu sunan ƙasar nan Kamaru ma daga jatan lande ya samo asali, Turawan Fotugal ne suka ga yawansu a kogin Wuri a 1472 suka sa wa kogin sunansu. Baba ya ɗaga ɗaya ta gashin baki ya duba ya ce, "Ashe duk mu 'ya'yan wannan ne." Bai ci ba. Gurasarsa ya ciro.

Can nesa cikin ruwa akwai wani jirgi da ba ya motsi. Auta ya ce shi ne rumbun man Cadi. Bututu ya taso tun daga yankin Doba, kilomita 1,070, ya ratso ƙasar nan ta ƙarƙashin ƙasa ya fito a nan, tun 2003 ake loda mai a wurin. Baba ya jinjina kai, amma na san bai ji ba. Idonsa yana kan rana.

Ta yi ja, ta yi girma, har ana iya kallonta ba a runtse ido ba. Ta shimfiɗo hanya a kan ruwa tun daga can har gabanmu. Baba ya ce jiya Juma'a da yake karanta Kahfi ya zo wurin Zulƙarnaini, da ya kai mafaɗar rana ya same ta tana faɗawa cikin ruwa, ya ce a ransa gobe ni ma. Ya miƙe tsaye. Ya gyara hula. Na ga yana motsa maƙogwaro kamar yadda yake yi a gaban lasifika.

Sai ta shiga hazo.

Saura kamar kamu ɗaya tsakaninta da ruwa. Akwai wani dishi-dishi kwance a ƙasan sama wanda ba mu lura da shi ba, launinsa ɗaya da tekun. Gindinta ya fara shiga, sai rabi, sai ta koma kamar bakin faranti, sai babu. Ba ta taɓa ruwan ba. Watan Janairu ne, ƙurar hunturu tana kaiwa har nan, ni da na san haka ban yi tunaninsa ba ko sau ɗaya a hanya. Kilomita kusan 290, da ɗinki, da gungume, a ƙarshe ta yi mana abin da take yi a bayan dutsen Yawunde.

Na kasa kallon Baba. Auta ya ciro waya ya ce saura minti shida a lissafi. 'Yata ta ce, "Tsoho, ta gudu."

Bai amsa ba. Ya juya wa tekun baya gaba ɗaya, ya fuskanci dajin da ke gabas, ya tsaya yana kallon saman itatuwa. Na ce, "Baba, ko in duba maka wayar?" Ya ɗaga mini hannu. Ya ce in ba a ga faɗuwarta ba, gabas ake duba, dare daga can yake tasowa. Muka yi shiru. Ni ban ga komai ba sai kore yana komawa baƙi. Shi yana ganin wani abu, don kansa yana ɗagawa a hankali kamar mai bin hayaƙi. Jemagu suka fara fita. A nan duhu ba ya jan ƙafa, kafin ka ankara ya rufe.

Sai ya sa yatsu a kunne ya kira.

Rabon da in ji kiran sallarsa shekara uku, kuma ban taɓa ji ba tare da lasifika ba. Muryar ta tsufa, tana rawa a wajen ja, ga ƙarar Lobe ga ta teku suna cinye rabinta. Masuntan suka dakata da jan igiya suna kallo. Daga wajen rumfunan masu abinci wani saurayi mai tallan tsire ya taho da gudu yana goge hannu a riga, ya yi sallama da Hausar Garwa, ya ce shekararsa biyu a bakin ruwan nan bai taɓa jin an kira salla a wurin ba. Daga baya Auta ya raɗa mini cewa tsakanin kiran Baba da lokacin waya minti biyu ne, Baba ne a baya.

Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, saboda haka tekun da muka yi wuni muna nema a bayanmu ya kasance har muka sallame. A raka'a ta uku igiya ta zo ta jiƙa mana gefen tabarma.

A mota na ce masa ya yi haƙuri, na ɓata masa tafiya. Ya ce hazon ma ni na ɗinka shi? Sannan ya tambayi Auta ko dole ne mu koma gobe da safe. Auta ya ce motar sai Litinin ake nemanta. Ni ina da ɗinki uku da na yi alkawarin Lahadi.

Na kira maiɗakina na ce in sun zo ta ce musu Talata. Ta ce dama ta sani. Baba ya shanya babbar rigarsa a kan igiyar baranda, gefenta ya yi fari da gishiri, ya ce kada wanda ya wanke masa ita kafin gobe da yamma.